Yadda Ake Kiran Mutane Su Shigo Wasan Kwaikwayo, a Dandali ko a Waya

Da zarar an gama yankan dawa an kai amfani rumbu a ƙauyukan Bichi da Ɗambatta da Makoda da Kunchi da Minjibir, aiki ya yi sauƙi, sai maganar wasan kwaikwayo ta taso a majalisun samari. Wasu a dandali suke so su yi, da daddare bayan sallar isha'i. Wasu so suke su ɗauka da waya su ɗora a TikTok ko YouTube. Wasu kuma, ganin rabin abokansu sun kama hanyar ci-rani, sai su yi tunanin buɗe zaure a WhatsApp, inda kowa zai ɗauki mutum ɗaya daga cikin labari ya zama shi, ya riƙa magana da bakinsa ta saƙon murya. Ta haka na Legas da na Fatakwal da wanda ya zauna gida yana noman rani a bakin madatsar Watari duk za su haɗu a gari ɗaya na ƙirƙira.

Duk ukun abin so ne, domin wasa yana riƙe zumunci, yana gyara harshe, yana kuma ba matashi damar faɗin abin da ke damun garinsu cikin hikima. Abin takaicin shi ne da yawa daga cikin waɗannan ƙungiyoyi ba sa ganin bazara. Idan ka bi diddigi, sai ka tarar tun ranar farko ciwon ya shiga, wato tun daga yadda aka kira mutane. An ce musu "ku zo mu yi wasa" kawai, sun zo kowa da abin da ya raya a ransa, da suka ga ba haka abin yake ba sai suka watse.

Kira mai kyau aiki biyu yake yi. Yana nuna wa mutum gurbin da ake bukatarsa a ciki, shi da kansa, yana kuma gaya masa gaskiyar abin da shigar za ta ci masa. Manomin da zai kira gayya ya san wannan: yakan faɗi gonar da za a je, da ranar, da irin aikin, ko noma ne ko huɗa, ya kuma tabbatar an san akwai fura da makaɗi. Shi ya sa kowa yake zuwa da kayan aikin da ya dace a kafaɗarsa. Irin wannan adalcin ya kamata ka yi wa duk wanda kake kira cikin wasanka.

Darasin kalankuwa da tashe

Ba yau aka fara wasan da kowa ke riƙe matsayi a ƙasar Hausa ba. A bikin kalankuwa, wanda samari da 'yan matan karkara ke yi bayan kaka, akan naɗa sarki da waziri da alƙali, har da gwamna da 'yan sanda, kowa ya yi shigar muƙaminsa ya riƙe shi har a tashi. A fadojin sarakuna akwai wasan gauta, inda matan cikin gida ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Sai tashe, wanda yara ke farawa idan azumi ya kai kwana goma, da wasanni irin su Tsoho da Gemu, da Jatau Mai Magani, da Mairama da Daudu.

Dubi yadda yara ke haɗa tashe. Babu yaron da ke tsayawa a tsakiyar unguwa ya ce duk mai so ya zo. Babbansu ne ke bin su ɗaya bayan ɗaya: "Kai ne tsohon, tunda ka iya tafiyar kakanka. Kai ka riƙe gwangwani. Ku uku ku ne 'yan amshi." Kafin a sha ruwa an samo auduga da ƙaro na manna gemu, an tanadi tsumman da za a cusa wa tsohon a baya ya yi doro, an yanko masa sanda. Yaron ya san shi ake jira, in bai fito ba babu wasa, don haka ko hannun tuwo bai gama wankewa ba za ka gan shi a ƙofar gida.

A wasu ƙasashe ma suna da irin nasu. A shekarar 1974 aka fito da wani wasa a Amurka mai suna Dungeons & Dragons, inda mutum ɗaya ke jan ragamar labari, sauran kowa ya riƙe jarumi ɗaya, a riƙa jefa ƙwaya irin ta ludo don a ga ko abin da jarumin ya nufa ya yiwu. Yanzu da yawa ta intanet suke yin sa, a manhajoji irin su Discord, tare da mutanen da ba su taɓa haɗuwa da su ba. Tunda baƙi suke nema, dole ta sa suka ƙware wajen tsara kira: wane irin labari ne, mutum nawa ake so, wace rana, ƙarfe nawa, me aka hana. In ka haɗa wannan tsari nasu da dabarar yaran tashe, ka sami abin da kake bukata.

Fara da rikicin labarin

Kuskuren da aka fi yi shi ne mai kira ya fara da sunan ƙungiya da jerin shugabanni, ciyaman wane, sakatare wane, ma'aji wane. Mai saurare bai damu da wannan ba tukuna. Labari ne zai tsayar da shi, labari kuwa ba ya kama mutum sai da rikici. Cikin jimla biyu ko uku ka gaya masa wane gari ne, me ya faru, me ake tsoron zai biyo baya.

Ba sai ka je nesa neman rikici ba. A wannan yanki namu gona na jikin gona, kusan babu ƙasar da ake bari ta huta, taki ne ke riƙe da ita shekara da shekaru. Duk wanda ya tashi a nan ya san yadda rabon gado ke mai da gona ɗaya 'yan filaye biyar ko shida, da yadda 'yan'uwa ke daina gaisawa saboda gambar iyaka, da jinginar gona da ta ƙi fansuwa, da burtalin da aka cinye har shanu suka rasa hanya. Ya san magidancin da ya sayar da wakensa tun da kaka aka loda zuwa kasuwar Dawanau don ya aurar da 'yarsa, bazara ta yi ya koma yana awo da tsada. Ya san ɗan ci-ranin da ya dawo hannu rabbana, yana jira dare ya yi kafin ya shiga gida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya riƙe wasa wata uku.

Marubutan da suka gabace mu haka suka yi. Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, wanda ya fito a 1960, da Uwar Gulma na Mohammed Sada a 1968, duka a kan rikicin aure aka gina su, abin da kowane mai karatu ya gani a gidansu ko a maƙwabta. Yanzu kwatanta kira biyu. Ɗaya ya ce: "Muna da wasa mai ilimantarwa da nishaɗantarwa." Ɗayan ya ce: "Mai gari ya rasu ya bar 'ya'ya biyu, na gida da na birni, kuma takardar gonar fadama ta ɓace." Na farkon kowa ya sha jin irinsa a rediyo. Na biyun kuwa mai saurare zai tambaye ka wa ya ɗauke takardar, kuma da ya yi wannan tambaya ya sa ƙafa ɗaya a ciki.

Idan wasan zauren WhatsApp ne, akwai magana ɗaya da ya kamata ka ƙara, domin ita ce daɗinsa: ƙarshen labarin ba a rubuce yake ba. Abin da 'yan wasa suka faɗa da abin da suka aikata shi zai kai labarin inda zai je. Mutum in ya ji cewa maganarsa za ta iya sauya wanda zai gaji sarauta, ba ya wasa da ranar zama.

Kowa da gurbinsa

Bayan labari sai gurabe. Kada ka ce "ana neman 'yan wasa". Ka lissafa su ɗaya-ɗaya, kowanne da abin da yake so da abin da yake ɓoyewa. Ana neman ƙanen mai gari, wanda ke ganin shi ya fi cancanta amma bashi ya yi masa katutu. Ana neman dillalin gona mai bakin zuma. Ana neman tsohuwar da ta san inda takardar take, ta rantse ba za ta faɗa ba. Mai saurare yakan ji ɗaya daga ciki ya ce a ransa, wannan ni ne zan iya shi.

Sannan ka duba abin da mutum ya sani a rayuwarsa ka ba shi abin da ya yi kusa da shi. Marigayi Usman Baba Pategi soja ne kafin ya zama Samanja, kuma daga bariki ya kwaso tafiya da tsawa da gauraya Hausa da Turancin da suka sa aka so shi. A garinku akwai yaron shagon magani da zai iya fitowa a malamin asibiti, akwai ɗan acaɓa da ya san labarin kowa, akwai ɗalibin makarantar allo da zai riƙe matsayin alƙali ba tare da ya yi wa shari'a ɓaranɓarama ba. Idan ka je wurin mutum ka ce, "Na ga yadda kake ciniki ranar kasuwa, kai nake so ka zama dillali," ka girmama shi, kuma da wuya ya ƙi.

Ka ware gurabe manya da ƙanana, ka faɗi bambancinsu. Manyan suna bukatar wanda zai zo kowane zama. Ƙananan, kamar baƙon da ke zuwa cin kasuwa ko manzon hakimi, na wanda aiki ya yi wa yawa ne. Shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya nuna amfanin wannan tsari: labarin gari ne guda mai gidaje da yawa, don haka wani ya fita wani ya shigo, labari na tafiya. Kada kuma ka manta da waɗanda ba sa son fitowa amma suna son a yi da su: mai ɗaukar hoto, mai ajiye kayan shiga, mai tuna wa mutane lokaci, mai rubuta inda aka tsaya.

Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum fiye da dubu, amma wasa ba ya ɗauka. Mutum shida zuwa takwas sun isa a fara. In sun wuce haka surutu zai binne labari, masu kunya su yi shiru, daga shiru sai fita. Masu son kallo a buɗe musu zaure na daban inda za a riƙa tura abin da aka yi. Kai kuma mai kira, ka haƙura da babban matsayi. Wanda ya kafa wasa ya naɗa kansa sarki, ya ba abokansa waziri da galadima, ya bar wa baƙi dogari da bawa, ya riga ya gaya wa mutane dalilin da ya sa ya kira su.

Faɗi lokaci, faɗi tsada

A karkara gona ce ke raba wa mutum lokaci, don haka kiran da bai yi la'akari da ita ba ya ɓata tun kafin a fara. Daga saukar ruwan shuka, wajen watan Yuni, zuwa noman fari da maimai, babu saurayin da ke da ƙarfin wasa da daddare. Daga girbin gero a Satumba zuwa cirar gyaɗa da tsinkar wake da yankan dawa ma haka. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen kaka zuwa bazara, sai dai a nan ma akwai masu noman rani a Watari da madatsar Thomas, waɗanda ban ruwa ke tashi da su tun asuba. Azumi kuma kowace shekara yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya, sai ka duba inda ya faɗo, ka faɗa tun farko ko za a dakata a cikinsa.

Ka faɗi rana da sa'a a fili: Talata da Juma'a, bayan isha'i, sa'a ɗaya. Ka guje wa ranar kasuwar garinku da ta maƙwabta. Ka faɗi ranar da wasan zai ƙare, misali mako goma, ko kafin ruwan farko. Mutum ya fi sakin jiki ya shiga abin da ya san ƙarshensa.

Sai maganar kuɗi, wadda kunya ke sa a ɓoye ta, daga baya ta zama sanadin faɗa. Idan akwai karo-karo na sayen kayan shiga ko man janareta, ka faɗi nawa ne, wa zai riƙe, yaushe za a karanta lissafi. Idan wasan waya ne, ka tuna data kuɗi ce, caji ma kuɗi ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon mai caji da yamma, ya ga wayoyi jere a kan katako kowace da 'yar lambarta a manne, masu su na zaune a benci suna jira, ya san waya ba kullum take hannun mai ita ba. Saboda haka ka yi alkawarin cewa saƙon murya ba zai wuce minti ɗaya ba, ba za a cika zaure da bidiyo ba, kuma wanda sabis ya yanke masa yana da kwana guda ya kawo amsarsa. Mai ƙaramar waya ma a yi masa hanya, ya zauna kusa da abokinsa mai babba ya yi maganarsa a nan.

Kada ka sayar da abin da ba ka da shi

Gaskiya ne masana'antar fina-finan Hausa daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ta tsiro. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta yi Turmin Danya a 1990, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyon da ya buɗe wannan kasuwa. Gaskiya ne kuma shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina sun sami ɗimbin masu kallo a YouTube. Wannan ne ke sa wasu masu kira su ce, "Shigo, daga nan sai Kannywood," ko "Da mun fara samun mabiya kuɗi za su zo." Kada ka faɗi haka. Ba ka da ikon cika wannan alkawari, kuma wanda ya shigo saboda shi zai fita da haushinka a mako na uku. Ban da haka, da irin wannan magana ce 'yan damfara ke karɓar kuɗin fom a hannun matasa, musamman 'yan mata, da sunan za a sa su a fim. Iyaye sun san da haka, kuma da sun ji ƙamshinta a bakinka sun rufe ƙofa.

Abin da kake da shi ka faɗa: za a yi dariya, za a koyi magana a gaban jama'a, za a ji muryar 'yan'uwa da ke nesa sau biyu a mako. In wani abu ya zo daga baya, alhamdu lillahi.

Shata iyaka tun kafin a fara

Wasu na ganin faɗin dokoki a cikin kira yana korar mutane. Waɗanda yake kora su ne waɗanda gara ma kada su zo, mutanen kirki kuwa hankalinsu ne ke kwanciya. Dokokin su zama kaɗan, kowa ya iya riƙe su da ka: ba zagi, ba batsa, ba wasa da addini, ba siyasar jam'iyya, ba kwaikwayon wani takamaiman mutum na gari yadda kowa zai gane shi. Abin da aka faɗa da bakin matsayi a wasa ya tsaya, dillali da ƙanen mai gari su yi faɗa a zaure, gobe su sha shayi tare.

Dokar hana kwaikwayon mutum na gaske tana da dalili har a gaban hukuma. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu hukuncin bulala ashirin-ashirin da tara, saboda bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin. Saƙon murya ma ba ya zama inda aka ajiye shi, danna ɗaya ya isa ya kai shi wayar wanda ba a so ya ji. Idan kuma kuna da niyyar fitar da fim ga jama'a, ku tuna akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ku nemi sanin ƙa'idojinta kafin ku ɗora komai.

Idan da mata a cikin wasan, wannan ma a bayyana tsarinsa a cikin kiran. A sami babbar mace mai mutunci a gari ta zama uwar ƙungiya, tana cikin zaure, tana wurin atisaye. A haramta wa namiji ɗaukar lambar mace daga zaure ya bi ta gefe, wanda ya yi haka a cire shi a ranar. In garinku ba zai ɗauki cakuɗa ba, mata su yi zaurensu da labarinsu da mai jan ragamarsu.

Gaisuwar manya

Kafin kiranka ya fita, ya kamata mai unguwa ko dagaci da liman su ji daga bakinka. Ku je ku biyu ko uku, da rana, ku tuɓe takalma ku durƙusa.

"Ranka ya daɗe, mun zo gaisuwa ne, da kuma 'yar magana."

"Madalla, samari. Ina jin ku."

"Ranka ya daɗe, so muke mu haɗa 'yan'uwanmu mu riƙa wasan kwaikwayo a kan rabon gado da zaman lafiya, Talata da Juma'a bayan isha'i, a filin makarantar firamare. Ƙarfe goma mun tashi. Mun ce ba za mu fara ba sai da saninka, kuma in ka ga abin gyara, ka gyara mana."

Wannan gaisuwa ta minti biyar tana ba ka jimla mafi nauyi a cikin kiranka, wato "mai gari ya sani, Malam ya sa albarka." Haka kuma duk yaron da ke ƙarƙashin mahaifinsa a gandu, da duk budurwa, da duk matar aure, ba ka gama kiransu ba sai ka sami wanda ke da iko da su. "Baba, alfarma muka zo nema, a ba mu aron wane sau biyu a mako, ba kuma zai taɓa aikin gona ba." In an ce a'a, ka yi godiya ka tashi. Wanda aka hana a bana sau da yawa akan bar shi baɗi, idan an ga yadda kuka riƙe amana.

Hanyar da kiran zai bi

Manyan gurabe baki da baki ake cike su. Ka je wurin mutum, a shago ko a majalisa ko a bakin gona. Sauran kuma ka yi musu saƙon murya, domin da yawa sun fi saurin saurare a kan karatu, kuma murya tana nuna ko kai mai fara'a ne da za a iya zama da shi. Kada ya kai minti biyu. Ka nemi wuri marar hayaniya, ka yi sallama, ka faɗi sunanka da na gidanku, ka yi magana kamar kana gaban mutum ɗaya. Ka rubuta taƙaitaccen bayanin rana da lokaci a ƙasansa don mai son komawa ya duba.

Kada ka watsa linkin shiga zaure ko'ina, kuma kada ka jefa mutum ciki ba da izininsa ba. Ka ce mai so ya yi maka magana, ya faɗi gurbin da yake so, ya turo gwajin murya na rabin minti. Wannan ɗan ƙoƙari shi ke raba mai niyya da mai leƙe.

Ga samfuri

"Assalamu alaikum. Ni ne wane, ɗan gidan Malam wane na unguwar gabas. 'Yan'uwa na gida da na ci-rani, ga labari. A wani gari, mai gari ya rasu ya bar 'ya'ya biyu, na gida da na birni, kuma takardar gonar fadama ta ɓace. Ruwa ya kusa sauka, ba a san wanda zai shuka ta ba. Mu ne za mu zama mutanen garin nan, kuma abin da muka yi shi zai yanke yadda za ta ƙare. An sami 'ya'yan biyu da alƙali. Saura ƙanen mai gari mai bashi, da dillalin gona, da wanzamin da ke kai magana gida-gida, da mai rubuta mana inda aka tsaya. Talata da Juma'a bayan isha'i, sa'a ɗaya, mako goma, a zauren WhatsApp, da saƙon murya gajere. Ba kuɗin shiga, ba kuma alkawarin kuɗi. Ba zagi, ba batsa, ba siyasa, ba taɓa mutuncin kowa. Mai gari ya sani, Malam ya sa albarka. Ko ba ka taɓa yi ba, zo, za mu koya tare. Mai so ya yi mini magana kafin Alhamis, ya faɗi wanda yake so ya zama. Na gode."

Idan sun amsa

Duk wanda ya yi maka magana ka amsa masa a ranar, ko da gurbin da yake so ya cika. Ka gaya masa gaskiya, ka ba shi wani, ko ka ce zai shigo a zagaye na gaba. Shiru yana ɓata suna fiye da a'a.

Zaman farko kada a yi wasa a cikinsa. A gaisa, kowa ya faɗi matsayinsa, a sake karanta dokoki, a ji ko ranar ta yi wa kowa, a tambayi kowa abin da ba ya so a taɓo. Wani mahaifinsa bai daɗe da rasuwa ba, wani rikicin gado na gidansu yana gaban alƙali. Sanin wannan tun farko yana hana a ji wa mutum ciwo da sunan raha.

A zama na biyu ka tabbatar kowane sabo ya sami abin yi. Mai jan ragama ya tura masa wani ya yi masa tambaya, ko ya ɗora masa wani sirri. Wanda ya yi zama biyu ba a kira sunansa ba, ba zai zo na uku ba. In wani ya yi kwana biyu shiru, ka kira shi ka tambayi lafiyarsa kafin ka tambayi wasa. In kuma uzuri ya sa zai bari, a sallame shi da mutunci: a rubuta cewa dillali ya yi tafiya zuwa Maraɗi, ƙofa a buɗe take in ya dawo.

Ka cika duk abin da ka faɗa a cikin kiran, ƙarami da babba. Ka ce ƙarfe goma za a tashi, a tashi. Ka ce mako goma, a rufe labarin a mako na goma, a yi wa kowa godiya da sunansa, a kuma koma a gaya wa mai gari an gama lafiya. Baɗi in za ka sake kira, waɗanda suka yi na bana su ne za su faɗa wa ƙannensu da abokansu ko maganarka abin riƙewa ce, kuma shaidarsu za a fi ji a kan duk wani saƙo da za ka tura.